Rariyar Uwargida

Har yau ban manta da wata Talata ta ƙarshen damina ba, shekara biyu kafin in ajiye aiki, ranar da harafi ɗaya ya kusa raba ni da manomana.

A lokacin ni malamin gona ne a ƙasar Kunci. Ga waɗanda ba su san aikin ba, malamin gona shi ne ɗan aike tsakanin ofis da kunyar gona. Abin da masana suka gano game da iri ko taki ko ƙwari, shi zai kai wa manomi da harshen da zai gane. Da can a kan babur muke yin wannan, ƙauye bayan ƙauye. Da waya ta yawaita sai aka kawo sabon tsari: kowane malami ya ɗauki saƙo da muryarsa a gida, ya tura wa shugaban sashe ya saurara, in ya amince a raba wa ƙungiyoyin manoma ta waya, a kuma saka a lasifika ranar kasuwa. Aka ba kowannenmu makirfo mai ƙafa da ake jonawa da waya.

Ni da ajami nake rubuta komai, tun daga allo hannuna ya saba. Na zauna na rubuta saƙon wake, don a makon ne ya fara ɗaura fure, kuma in aka makara da feshi tsutsa ta riga ta shige. Ga abin da na rubuta: "A fara feshi idan wake ya fara fure. A yi da safe kafin iska ta taso. A rufe fuska, kada a fuskanci iska, kada a wanke famfon feshi kusa da rijiya."

Na ɗauka, na tura. Ban ma saurara ba, don na yarda da kaina.

Shugabanmu, Alhaji Nasiru, sa'an ƙanena ne, mutum mai fara'a. Ya kira ni yana dariya.

"Baba Malam, saƙo ka ɗauka ko dambe kuke yi da makirfon?"

"Me ya faru, Yallaɓai?"

"Saurara da kanka. Kamar ana bugun buhu da taɓarya."

Na saurara. Gaskiyarsa. Duk inda na zo kan kalmar da ake bukata sai ka ji "buf", kalmar ta nutse. Na sake ɗauka a ranar, na sake washegari da hantsi. Na rage murya, na ja da baya har maganar ta koma kamar daga cikin rijiya, kukan awakin maƙwabta ya fi ta fita. Da na matso sai bugun ya dawo.

Laraba da azahar Alhaji Nasiru ya sake kira, wannan karon ba dariya sosai.

"Baba Malam, jibi kasuwa. In gobe da la'asar ban samu mai kyau ba, akwai wanda aka ɗauka a Kano, shi zan saka wa yankinka."

Na san wannan saƙon, na ji shi. Muryarsa tas, amma rabinsa Turanci ne, yana auna magani da ma'aunin da babu wanda ya san shi a ƙauyukanmu. Mu da murfin kwalba muke awon magani. Na san abin da zai faru: tsofaffi za su ji jimla biyu su ce ba da su ake ba, su ci gaba da ciniki, wake kuma ba ya jira. Ban ɓoye muku ba, akwai kuma abin da ya tsaya mini a rai. Shekara da shekaru mutanen nan muryata suka sani.

Na ɗauko takardar na duba ta da kyau, ina kunna saƙon ina bin layi da yatsa. Nan na gano ɓarawon. Duk inda bugun ya zo, akwai harafin fa, mai ɗigo ɗaya a ƙasa. Mu Kanawa da leɓe biyu muke hura shi, kamar mai hura wuta. Na ce to, magani ya samu, sai in kore shi daga saƙon. Na ɗauki alƙalami. Feshi, na ce in sa yayyafi, sai ga shi a ciki. Safe, na ce sassafe, yana nan. Fure ba shi da wani suna. Na ɓata takarda uku, na gane cewa noman wake gaba ɗayansa a kan fa aka gina shi.

Daga nan na ɗora laifin a kan giɓina, haƙorin gaba da na rasa tun shekarun babur. Na fito tsakar gida da wannan tunani. Uwargidana Binta tana zaune a kan tabarma tana tankaɗen garin dawa a faifai. Na tsuguna gabanta.

"Uwargida, dubi bakin nan. Ta giɓin nan iska ke fita, ko?"

"Giɓin da ya kai shekara ashirin, yau ya fara yoyo?"

"Ki saurara dai. Feshi. Fure. Fuska."

"Malam, matsa can, kana kwashe mini gari."

Na duba. Kowace kalma na faɗa sai gari ya tashi daga bakin faifan. Ban matsa ba, abin ya ba ni mamaki, na sake cewa "famfo". Sai ta ɗaga rariyar ta tare tsakanin bakina da faifan, kamar mai kare kanta daga yayyafi.

"To ci gaba da wa'azin, tuwona dai ya tsira."

Na ce, "Feshi." Gari bai motsa ba. Na ce, "Fure, fuska, famfo," da ƙarfi. Ko ƙwaya.

"Kina ji na sosai?"

"Har na gaji da ji."

Na ce, "Alhamdu lillahi. Ara mini rariyar nan."

"In tankaɗe da me, hularka?"

Sai da na jira ta gama. Alhamis da hantsi, bayan kaji sun lafa, na shiga ɗakin da muke ajiye buhunan gyaɗa, don a can murya ba ta amsa-kuwa. Na kafa sanda a gwangwanin yashi, na ɗaure rariyar da igiyar roba. Tsakaninta da makirfo yatsu huɗu, tsakaninta da bakina kamu ɗaya. Na yi bismilla, na ja numfashi, sai atishawa. Na manta ban kaɗe garin ba. Wannan ɗaukar ma na ajiye ta, jikokina suna sonta.

Na goge rariyar, na sake. Na saurara sau biyu kafin in tura, abin da ya kamata in yi tun farko. Kowane fa ya fito a zaune, ba bugu.

Kafin la'asar Alhaji Nasiru ya kira.

"Baba Malam, Kano ka je ka ɗauka?"

Na ɗauki hoton abin na tura masa. Ya daɗe yana dariya, sannan ya ce ai masu ɗaukar murya suna da irinsa, wani zagayayyen abu mai raga da ake sawa gaban makirfo, yana fasa iskar baki ya bar sauti ya wuce. Na ce mene ne sunansa? Ya ce fof filta.

Na ce, "Yallaɓai, shi ma fa uku gare shi. Da ba a gaban rariya ba, ko sunansa ba zan iya faɗa ba."

Ranar kasuwa na tsaya a rumfar masu iri ina jin muryata daga lasifika. Wani dattijo daga cikin manomana, Baba Ɗanjuma, wanda kunnensa ya fara nauyi, ya dakatar da ciniki ya karkata kai har saƙon ya ƙare. Ya juyo ya gan ni.

"Malam, kai ne a ciki? Ka ce da safe, a rufe fuska."

"Haka na ce, Baba."

"Na ji. Gobe in Allah ya kai mu zan fesa. Nawa ya fara fure tun shekaranjiya."

Wannan ya ishe ni.

Bayan haka malaman gonar sashenmu kusan duk sun nemi rariya, wasu daga baya suka sayi na kanti. Ku da kuka shigo aikin yanzu, abin da nake so ku riƙe shi ne: ku saurari kanku kafin ku tura wa mutane, kuma kada ku ɗauka ilimi daga ofis kawai yake gangarowa. Na yi kwana biyu ina zargin na'ura da haƙorina da harshen iyayena, ashe amsar tana tsakar gidana a hannun wadda ban yi niyyar tambaya ba.

Rariyar tana nan ɗaure a sandarta. Na sayo wa Binta sabuwa, ta karɓa ta jujjuya ta, ta ce ba ta kai tsohuwar laushi ba. Har yau in baƙi suka yaba tuwonta sai ta ce ai ba su ci na da ba, kafin rariyarta ta kama aikin gwamnati.