Baba Gado da 'Ya'yan Kaza

Baba Gado ya rasu ran Talata a unguwar Kirkissoye. Ni na gina kabarinsa.

Kun san shi. Bai taɓa tafiya yana duban ƙasa ba. Da an sallame magariba zai ɗaga haɓa sama, ya kama hanya. Sau uku ina ciro shi daga kwata. Na ce, "Baba, ka riƙa duba gabanka mana!" Ya ce, "Kwata ba ta taɓa fid da kowa daga sahara ba."

Shekarun baya kamiyonmu, babbar motar da muke ciki, ta mutu a bayan Agadas. Waɗanda suka zauna jiran taimako, can suka tsaya. Mu bakwai har da Gado muka kama hanya, shi ke gaba. Ya nuna mana taurarin da Buzaye ke kira Raƙuma, ya ce tana zagaya turkenta ne, turken kuwa arewa, ranar da ta tsinke igiya duniya ta tashi. Da ita ya kai mu rijiya.

A bakin rijiyar ya nuna mana Kaza da 'ya'yanta, taurarin nan ƙanana da ke cure wuri guda. Ya ƙirga bakwai, ya ƙirga mu. Ya ce, "To, kowa ya ga nasa." Muka yi dariya da leɓe a tsage.

Bayan mun zauna a Yamai, wata rana ya zo inda nake sayar da gawayi, ya zauna ko sallama babu. Ya ce, "Sale, shida." Wai ɗaya cikin 'ya'yan Kaza ya ɓace masa a sama. Kwana tara aka aiko cewa direbanmu ya rasu a Tawa. Da ya ce biyar, Hamidu ne, kogi ya ci shi. Tun daga nan in na hango Baba, sai in sake hanya. Kwanakin bazara da Kaza ke ɓuya kafin damina, su kaɗai nake ƙiba.

Wani malamin makaranta ɗan Maradi da ake kira mushe, maƙwabcinsa, ya so ya kwantar mini da hankali. Ya kawo salula, ya ɗaga ta sama, ya ce, "Baba, dubi! Duk suna nan, har sun fi ɗari. Hasken lantarki ne ya rufe su." Baba ya leƙa, ya ce, "Mushe, abin nan ya taɓa jin ƙishirwa?" Ya ce a'a. "To bai san sama ba." Washegari aka tarar da fitilar bakin gudiro, titin kwaltan unguwarmu, sanye da buhun gawayi. Buhuna ne, wallahi! Ni mutanen meri, ma'aikatan magajin gari, suka zo suka yi wa faɗa.

Da ya kai uku, na kai shi likita da kaina. Ba don Allah na yi ba, don kaina na yi. Likita ya ce yanar ido ce, aikin safiya ɗaya, ya koma gani tamkar yaro. Na ji kamar an sauke mini dutse. Baba ya ɗauki sandarsa. Ya ce, "Likita, in ka wanke idon, 'ya'yan nan huɗu su dawo?" Ya ce ƙwarai. Baba ya ce, "Mutum huɗun da muka binne fa? Wa zai buɗe musu ƙofa, ni ko kai?" Likitan bai yi dariya ba. Ni ma.

Bara na ukunmu ya tafi. Da sanyin bana Baba ya ce, "Ɗaya." Na ce, "Ni ko kai?" Ya ce, "Kai, matsoraci, an rubuta suna a jikinta?" Wata biyu ban ci tuwon kirki ba, shi kuwa yana cinye nasa ya jawo nawa.

'Yarsa Hadiza ta ce daren ƙarshe ya sa aka fid da shi tsakar gida. Ido ya riga ya tafi, ko wata ba ya gani. Ya daɗe da fuska a sama, sannan ya ce, "Tana nan, da haskenta. Ku gaya wa Sale ya ci abinci."

Ko ya gani, ko ƙarya ya yi mini, ban sani ba. Allah ya jiƙan Baba Gado, ya haskaka kabarinsa, ya shayar da shi ruwan da ba ƙishirwa bayansa.

Ina nan Kirkissoye, bakin gawayina. Ina cin abinci. Na ƙara wa rumfata kwano biyu ta wajen gabas, inda Kaza ke fitowa.