Akwatin fada

Shekarar da ƙungiyarmu ta tura ni Gure, ni kaɗai ne mai kula da ordinater, wato kwamfuta, a biron, ofishinmu na can. Ƙungiyar kiwon lafiya ce, duk abin da aka tattaro daga Kelle da Gamu da Alakos a kan na'urorinmu yake sauka kafin ya wuce Yamai. Na baro matata da ɗiyata a Tawa, can ƙasarmu ta Adar, da niyyar in na samu gida mai kyau in ɗauko su. Ban samu ba. Ɗaki ɗaya na kama a bayan tasha, da katifa da buta da murhun gas.

Ma'aikatan biron kusan duk ƴan gari ne. Da rana ba mai nemana sai na'urarsa ta yi pan ta ƙi aiki, kuma ko ya neme ni ba sunana yake kira ba, sai dai, "Ba'adare, zo ka ga wannan banzar." Abin da ya riƙe ni a garin fada ce. Da an yi desant, an tashi daga aiki, sai a shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaron da ke gefen ɗakin gardi mai tsaron ƙofa, shofer, direbanmu, ya hura gawayi ya ɗora shayi. Shi ne babbanmu a shekaru, shi ne kuma mai fadar. Akwai wifi a wurin, ana ce masa akwatin fada, kowa yana latsa wayarsa yana hira da rabin baki. A nan nake kiran gida in ga fuskar ɗiyata, sannan in zauna a yi ta yi mini tsiyar albasa, wadda aka san Adarawa da ita, har magariba. Ban taɓa tambayar daga ina akwatin ke samun rezo ba, na ɗauka katin waya shofer ya sa masa. Duk ranata wannan zaman nake jira.

Da bazara umarni ya zo daga Yamai: a wanke kowace ordinater a sa mata sabon tsari, iri ɗaya da na sauran birorin ƙasar. Ba da kile, ɗan abin nan da ake soka wa na'ura, za a yi ba, ta wayar da ta haɗa na'urorin biro za a yi. Ka kunna na'ura, ka sa ta tashi ta rezo, ita kuma ta yi kira a cikin wayar biro tana neman mai ba ta adireshi. Babbar na'urarmu, serber, ta amsa mata, ta nuna mata inda sabon tsarin yake, ta ɗauko. Wadda ba a yi wa ba kafin ƙarshen wata, Yamai za ta yanke ta.

Na gwada da safe a kan tawa, ta tafi sumul. Har na yi wa kaina kirari. Amma shef, shugaban biron, ya ce ba zan tsayar masa da mutane da rana ba, in bari sai an yi desant. To.

Ranar farko na kunna na'urar kontabul, mai riƙe mana lissafin kuɗi. Fuskarta ta yi baƙi, ƴan rubuce-rubuce suka fito, ta jira, ta jira, sannan ta ce ba ta sami abin da za ta tashi da shi ba, ta koma tsohon tsarinta kamar ba da ita nake ba. Na koma ta sakatare, haka. Na canza kabul. Na shiga can cikin saitin na'urar na duba ko an hana ta tashi ta rezo, ba a hana ba. Na gyara agogonta. Na kashe akwatin da ke rarraba wayoyi na sake kunnawa, na durƙusa gaban serber ina gumi ina zaginta a zuci. Ta taga ina jin dariyar fada da ƙarar zuba shayi daga sama.

Haka na yi kwanaki. Da safe in saci jiki in gwada, ta yi. Da yamma ta ƙi. Wanda ke kula da mu daga Yamai ban taɓa ganinsa ba, muryarsa kaɗai na sani, kuma kullum tambayarsa ɗaya ce, ko na duba kabul. Rannan na ce masa in ya sake tambayata kabul zan sa masa shi a mota ya duba da kansa. Daga baya na ji kunya, don ban da shi ba wanda ya fahimci abin da ke damuna.

Wata yamma na ɗauki hoton fuskar na'urar da wayata kafin rubutun ya ɓace, na buɗe shi na karanta a hankali. Ta sami adireshi. Sai dai lambobin farkonsa ba irin namu ba ne. Wato akwai wani abu a cikin wayar biron da ke rigan serber amsawa, ya ba na'ura adireshi, amma bai san inda sabon tsarin yake ba. Kuma da yamma kaɗai yake magana.

Na bi ramukan waya na bango ɗaki bayan ɗaki, ƙarƙashin tebura, bayan kabad. Na ƙarshe shi ne na ɗakin gardi, wanda aka ja tun lokacin da ɗakin yake magaza, wurin ajiyar kaya. Ga kabul shuɗi ya fito daga bango ya hau taga, ga ɗan farin akwati an lulluɓe shi da tsumma saboda zafi, fitilunsa suna ƙiftawa. Shofer ne ke jona shi kowace yamma kafin ya hura gawayi, ya cire shi in an watse.

Na daɗe a tsaye a ɗakin. Cire shi na ƴan kwanaki ba wani abu ba ne. Abin da na sani, su ba su sani ba, shi ne ƙarshen aikin: da na ce na gama, Yamai za ta kulle duk ramin da aka jona abin da ba ta sani ba. Na fita bayan biro na kira mutumin Yamai, na ce ko za a bar mana rami ɗaya a buɗe, don ma'aikata. Ya yi dariya, ba ta mugunta ba, ya ce babu wannan a tsarin.

Na je na durƙusa gefen shofer yana fifita wuta.

"Baba, akwatin nan naka shi ke hana ni aiki."

"Wannan ɗan abin?"

"Shi. Kuma in na gama, ko an mayar da shi ba zai sake yi ba."

Ya dube ni, ya dubi tagar. "Kai ka ce, ko Yamai?"

"Yamai. Amma hannuna ne zai yi."

"To, yi aikinka, ɗana. Ai don shi aka kawo ka." Ya miƙo mini kofi. Ya tashi da kansa ya zare kabul ɗin, ya naɗe akwatin a tsummansa ya sa a aljihun babbar riga.

Na koma ciki na kunna ta kontabul. Ta yi kira, serber ta amsa, layin lodi ya fara tafiya. Kafin mako ya fita na gama duka.

Fadar ba ta mutu rana ɗaya ba. Kontabul ne ya fara cewa yana da uzuri a gida. Samarin suka koma wani kanti a bakin kwalta inda ake samun wifi, abokansu na yarinta ne a can, ba wurin da baƙo zai je ya tsuguna ba. Sauran kowa yana da iyali da gona da surukai a garin. Da na ga an ragu, na sayo ganyen shayi da sukari da kaina na ajiye wa shofer. Ya yi mini godiya sosai, ya dafa kwana biyu, rana ta uku aka tura shi Alakos da masu allurar rigakafi. Da ya dawo bai sake hura gawayi ba.

Ba wanda ya yi fushi da ni, kuma wannan ya fi komai ci mini rai. Da fushi ne da na bi su ɗaya bayan ɗaya na ba da haƙuri. Su kuwa sai yabon sabon tsarin suke, wai na'urorin sun fi sauri.

Da an yi desant nakan tsaya a bakin ƙofa da jakata a kafaɗa. Babura su yi ta fita, kowa ya ɗaga mini hannu, "Ba'adare, sai gobe." In amsa wa kowa. Gardi ya jira har ya ga ba ni da niyyar motsawa, sannan ya tambaye ni a hankali ko akwai sauran aiki a ciki, don yana so ya rufe.