Ƙwayar da aka ba ni ranar jana'izar ɗana

A shekarar da babbar kasuwar Rood Woko ta ƙone, ni mace ce da ake buga misali da ita a Zangon Wagadugu. Ina sayar da atamfa, maigidana yana fataucin goro tsakanin nan da Gana, 'ya'yanmu biyu: saurayi ɗan fari da ƙanwarsa 'yar shekara tara. In amarya ta cika rawar kai, ni ake nuna mata a ce ta koyi kunya. Kuma gaskiya na iya kunyar. Tun da na haifi yaron nan ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa yi masa wasa a gaban mutane ba. Haka muka gada, mu 'yan Zango ma mun fi na can gida ƙasar Hausa riƙe abin, don kada a ce zama cikin Mosawa ya sa mun watsar da al'ada.

Bayan gobarar na koma sayarwa a gida, ɗan nawa ne yake ɗaure kaya a bayan ƙaramin babur ɗin nan, mobilet, yana kai wa masu saye. Wata rana da hantsi ya fita kai kaya, babbar mota ta bi ta kansa. Da aka fito da makara na buɗe baki zan kurma ihu, sai yayar maigidana, wadda duk muke ce wa Gwaggo, ta damƙi hannuna ta ja ni ɗaki. Ta ce kada in kuskura in kunyata su, ina aka taɓa ganin uwa tana kukan ɗan fari gida cike da surukai, kuma wai hawayena ruwan zafi ne a jikinsa. Ta kwance bakin zanenta ta ɗauko wata 'yar ƙwaya, irin wadda masu tallar magani ke yawo da ita a bakin titi, ta ce in haɗiye zuciyata za ta kwanta. Na haɗiye. Na dawo kan tabarma na zauna kamar dutse ina amsa gaisuwa, mata suna fita suna yaba tawakkalina.

Ranar sadakar uku ta ƙara min, ranar bakwai ma haka. Kafin arba'in na san mai tallar da kaina. Ku da ba ku san garin nan ba, mobilet ta fi mutane yawa, kuma duk wadda ta rage gudu a ƙofar gida sai gabana ya faɗi in ce shi ne. Ƙwayar ce kaɗai take kashe min wannan ƙarar. Ɗaya ta daina yi min, na koma biyu, na wuce nan. Ran nan na ɗora tukunya barci ya sace ni da tsakar rana, yarinyata ta dawo daga lakwal, wato makarantar boko, ta tarar da hayaƙi ya cika gida. Asiri ya tonu. Gwaggo ce ta tara dangi, ita ce ta fara kira na 'yar ƙwaya, ita ce ta haɗa kayan yarinyar ta tafi da ita gidanta a unguwar Dassasgho, wai sai ranar da na shiryu. Wallahi har yau in na tuna fuskarta a wannan zaman, ko gezau, jinina tafasa yake. Hannun da ya sa min abin a baki shi ne yake nuna ni!

Daga nan aka shiga yi min magani, in dai magani ne. Aka birkice ɗakina aka ƙone abin da aka samu, aka kulle ni ina makyarkyata ina amai. Aka karɓo rubutu wajen malam, ban ga laifinsa ba, abin da aka faɗa masa shi ya yi wa addu'a. Aka kai ni wani ƙaramin asibiti aka yi min ƙarin ruwa, wai a wanke jinina. Kowane karo nakan daina, don ina son 'yata kamar in mutu. In kwana biyu garau, sai mobilet ta tsaya a ƙofa, in koma. Sai a ce ba ni da zuciya, na fi son ƙwaya da 'yar cikina. Haba jama'a! Duk taron nan ba a samu mutum ɗaya da ya zauna ya tambaye ni me yake ci na ba.

Da abin ya ishi maigidana sai ya kai ni sashen masu taɓin hankali, a ɓoye, kada Zango ta ji. Likitar mace ce, da Mosanci muka yi magana. Ba ta tambaye ni guda nawa nake sha ba, ta tambaye ni ranar da na fara. Da na faɗa mata, sai ta ce yaya sunan yaron. Na ce mu ba ma faɗa. Ta tashi ta rufe ƙofa, ta ce ita ba surukata ba ce. Sannan na faɗa. Sunan ya fito min baƙo a baki, kuma kukan da aka danne shekara da shekaru ya biyo bayansa, ta bar ni na yi har na gaji. Ta ce ƙwayar murfi ce kawai, ciwon yana ƙasa, duk wanda ya cire ɗaya ya bar ɗaya aikin banza ya yi. A hankali ta riƙa rage min ita, ina zuwa muna magana, har na rabu da ƙwayar.

Sai da yarinyar ta zama budurwa aka dawo min da ita. Gwaggo har gobe cewa take horonta ne ya shiryar da ni. Yarinyar kuwa gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ba ta ko cin abinci kusa da ni. Wata rana muna ninke atamfa na matsa mata, ta ce ita ba ƙwayar ce ta kasa yafe min ba. Ta ce ranar da aka fita da yayanta ta tsaya tana kallona, idona ƙamas ina amsa gaisuwa, tun ranar ta sa a ranta ba na son sa, kuma ko ita ce ta mutu haka zan yi. Shekara huɗu tana gidan matar da ta san gaskiya, amma Gwaggo ba ta taɓa gaya mata ba.

Don haka 'yan'uwa, in kun ga mutum ya faɗa shaye-shaye, kafin ku ƙwace abin da ke hannunsa ku tambayi abin da ke zuciyarsa, ku kai shi inda za a duba duka biyun. Kuma ku bar uwa ta yi kukan ɗanta, ko na fari ne. Ni dai a ranar da 'yata ta faɗa min haka na ajiye atamfar, na kira sunan ɗana da ƙarfi a tsakar gida, surukai suna ji. A nan 'yata ta fara ganin hawayena.