Ƙafafun da Na Nuna wa Majami'a

Akwai shekarar da na ɗora wa kaina aikin rufa wa Allah asiri. Ba shi ya sa ni ba, ba kuma wanda ya roƙe ni. Ni ce dai da shisshigina, kuma saura ƙiris aikin ya kai ni kabari.

A Malbaza muke lokacin, 'yan shekaru bayan an buɗe ma'aikatar siminti, inda maigidana yake lodin buhuna. Mu Kirista ba mu wuce gida bakwai ba a garin. Majami'armu ɗakin laka ce mai rufin kara, in mutum ya yi tari a ciki sai duk jama'a ta ce masa sannu. Maƙwabtanmu duka Musulmi ne. Rijiya ɗaya muke sha, suna kawo mana naman layya, muna kai musu shinkafar Kirsimati. Amma kullum gani muke ana kallonmu. Wanda ba shi da yawa a gari yakan ɗauka mutane ba su da aikin yi sai lura da shi.

Bayan haihuwata ta uku, 'ya mace, na yi jego yadda uwata ta yi: wankan ruwan zafi safe da yamma, kunun kanwa kamar ba gobe. Ban cika arba'in ba ƙafafuna suka kumbura, ciki ya biyo baya, numfashi kuma sai ina zaune nake samunsa. Aka ɗora ni a kan buhunan siminti a bayan babbar mota, sai asibitin mishan. Wata biyu na yi can. Likitar wata doguwar baturiya ce mai Hausar littafi, kuma ba ta yi mini kwana-kwana ba. Ta ce zuciyata ta gaji, ba za ta koma sabuwa ba, amma in na lallaɓa ta za mu daɗe tare. Lallaɓawar ita ce ƙwaya biyu kullum, ba gishiri, ba kanwa, sannan duk wata in koma a duba ni a ba ni wasu ƙwayoyin. Ɗaya daga cikinsu ba ta da aiki sai aika mutum bayan ɗaki, har na haddace kowace tsaga da ke katangar makewayinmu.

Na dawo gida da ƙafafuna na da, sirara, har ana ganin ƙashin idon sawu. Da kaka ta yi, aka yi Lahadin godiya, kowa ya kawo daminsa na gero ko kwanon wake gaban majami'a. Ni kuma na miƙe in ba da shaida. Abin da na shirya faɗa kaɗan ne: na tafi a kwance, na dawo a tsaye, na gode wa Ubangiji. To amma ban taɓa magana a gaban taro ba, ban san daɗinta ba. Na faɗi ɗaya aka ce amin. Na ƙara, wata ta rangaɗa guɗa. Kafin in ankara bakina ya riga ni gaba. Na ce Yesu ya warkar da ni sarai, ciwo ya tafi ba dawowa. Har na ɗage zane zuwa ƙwauri, na juya ƙafafun hagu da dama kamar mai tallar rake.

Malaminmu, mai bisharar da ke kula da majami'ar, dattijo ne na kirki. Ya shekara da shekaru yana yawo a keke ƙauye-ƙauye, a ba shi ruwa da fura, a saurare shi da ladabi, a sallame shi da ladabi, ya dawo shi kaɗai. Ran nan kuka ya yi. Daga ranar kuwa ƙafafuna suka shiga wa'azi. Sun je kasuwar Badagishiri, sun zaga ƙauyukan Illela, sun leƙa Ƙonni, ni ina gida ina daka.

Sai ranar komawa asibiti ta zo. Mai zuwa asibiti a bakin hanya yake tsayawa jiran mota, a gaban masu tsire da masu goro da duk wani mai zaman kashe wando. Na ce a raina, matar da ta warke sarai me za ta je nema? Malam bai taɓa ce mini in bar magani ba, kada in ɗora masa. Ni na yi wa kaina wannan wa'azin, ni na ce amin. Kuma tunda yau gaskiya nake faɗa, rabin bangaskiyata a lokacin gishiri ne. Na yi watanni ina cin miyar kuka lami, wadda ko baƙon da ake so ya tafi ba a yi masa irinta. Wadda ta warke kuwa tana da izinin gishirinta, har da 'yar kanwa a wake. Ban je ba, ƙwayoyi suka ƙare, na gyara miyata.

Mako uku lafiya lau, har ina ganin likitar ce ba ta da bangaskiya. A na huɗu takalmina na roba ya fara cizona.

Nan na zama gwanar dabara. Na sassauta ɗaurin zane har yana sharar ƙasa, matan majami'a suna yaba mini kamun kai. Da rana in kwanta in ɗora ƙafafu a kan turmi ko kumburin zai sauka, in na ji sallama in zabura in kama tankaɗe. Hanyar rijiya ce ta fi ba ni wuya, don numfashi ba ya kai ni. Sai na ƙirƙiro ƙaya. In na ji ƙirjina ya cika, in tsaya in duƙa kaɗan, in yi tsaki, in yi kamar ina cire ƙaya, har numfashi ya dawo. Na ɗauka ba wanda ya kai ni wayo tsakanin Malbaza da Ƙonni.

Maigidana ba mai yawan magana ba ne, amma ba makaho ba ne. Wata safiya yana shirin fita aiki ya tsaya a kaina.

Ya ce, "Ƙahwag ga taki ta koma. Gobe mu tahi asibiti."

Na ce, "In tsaya bakin hanya dug gari shi gan ni? Su ce Allahn Kirista rabin aiki yaka yi? Malam hwa, da wane ido za shi koma Badagishiri?"

"To in kin mutu, mi za su cewa?"

"Ba ni mutuwa kahin Kirsimati."

Na faɗi haka ne don Malam ya riga ya gayyato masu bi na ƙauyuka su zo Kirsimati wurinmu a shekarar, kuma ni ce zan sake miƙewa in ba da shaida a gabansu. Na yi ta magiya har maigidana ya yarda a bari sai bayan biki. Ya fita yana kaɗa kai.

Kada a ɗauka ba na jin tsoro. Ina ji, ba kaɗan ba. In na dubi jaririyata tana tsotson yatsa, in tuna wata ce za ta iya rainonta, sai hawaye su zubo mini. Addu'ata a kwanakin nan ko kunya babu. Cewa nake, Ubangiji, na riga na yi magana a madadinka a gaban mutane, ka taimaka kada mu ji kunya, ni da kai.

Abin da ban yi lissafinsa ba shi ne lalle. Katanga ɗaya ta raba mu da wata tsohuwa da duk unguwa ke kira Inna, ita ke yi wa amare ƙunshi. Mun saba, duk Salla ni ke yi mata kitso, duk Kirsimati ita ke ƙunsa mini lalle. Ƙin wannan kamar yanke zumunci ne. Na aika mata cewa mura nake yi, lalle kuwa sanyi gare shi. Kwana biyu kafin biki, da la'asar, sai ga ta da ƙwaryarta da tsummokaranta, ta shimfiɗa tabarma ba ta tambaye ni ba.

Ta ce, "Miƙo ƙahwa."

Na ce, "Inna, bana hannu ɗai za a yi."

"Hannu ɗai? Ke amaryaw wa? Miƙo."

Ta kamo ƙafar da kanta, ta ture zanen. Ta danna babban yatsanta a ƙwaurina, ta ɗaga. Ramin ya zauna daram, kamar an danna malmalar tuwo. Muka zuba masa ido mu biyu, ya ƙi cikewa.

Ta ce, "Wa kika ɓoye ma wanga?"

Sai na fashe da kuka, na kwance mata komai: shaidar, da wa'azin Malam, da bakin hanya, da abin da mutane za su ce game da Allahnmu. Ina jiran faɗa ko tausayi. Inna ta kama dariya, har sai da ta dafe ƙwaryar lallen kada ta kife.

Ta ce, "Ashe Allah kika ruhwa ma asiri! Mu muna nan muna cewa tsoron allura kika ji."

"Kun sani?"

"Ɗiyata, kullum ƙaya bakwai kika cirewa tsakanin gidanga da rijiya, kuma da takalmi ga ƙahwakki. Wace irin ƙaya ta? Ba ki lura ba in kin iso wata na amsat tulunki ta ja miki ruwa?"

Na lura mana. Wata guda ke nan ban taɓa igiyar guga ba. Ni kuwa na ɗauka girmamawa ce ake yi wa matar da aka yi wa mu'ujiza, har ina amsa gaisuwa da ƙasaita.

Inna ta share hawayen dariya da bakin mayafinta, ta ce, "Mu da muka salla biyat, ba mu ciwo? Ba mu mutuwa? Mijina shekara shidda yana kwance ana roƙo, har Mai shi ya amshi abinai. Wa kij ji yac ce Allah ya kasa? Ke dai kunyakki kika tsaro, kin laƙa ma Allah."

Maganar ta yi mini zafi, don gaskiya ce. Ta ƙunsa mini lallen duk da haka, a hankali, ba ta matse ɗaurin ba.

Ranar Kirsimati majami'a ta cika har an shimfiɗa tabarmi a waje. Malam ya yi wa baƙi bayanina, ya kira ni. Har na miƙe ban san abin da zan yi ba, don zanen yana da tsawo, kuma ƙarya ta riga ta san hanyar bakina. Na dubi maigidana yana riƙe da yarinyar, kansa a sunkuye. Sai na ɗage zanen.

Ƙafafu ne kamar goruna biyu, da lallen da ya fi na kowa kyau a garin. Na ce, "Ga su. Ban warke ba. Likita ta ce ba ni warkewa, sai dai lallaɓawa. Na ƙara gishiri ga shaidata, na bar magani don kada a gane. Allah ya tashe ni daga kwance, wannan gaskiya na. Sauran ni niƙ ƙara mishi."

Matar nan mai guɗa ta riga ta kai hannu hanci, ta sauke shi a hankali. Ni Malam nake tausayi, na kasa dubansa. Sai na ji ya rufe Littafin da ke hannunsa ya miƙe. Ya ce tunda yau ranar faɗin gaskiya ce, shi ma ya fi shekara ba ya ganin baƙi a takarda. Buɗe Littafin kawai yake yi, yana karanto abin da ke kansa. Ya ji nauyin zuwa a duba idonsa alhali yana yawo yana wa'azin warkarwa. Sai a lokacin muka gane dalilin da ayoyi kaɗan suka shekara suna zagayo mu kamar jakin kai taki.

Wani ya yi dariya ya toshe baki, sai kowa ya kama. Daga nan wani dattijo daga wajen Illela ya miƙe ya ce tarin da yake cewa na ƙura ne, da jini yake fita. Wata ta ce akwai ƙullutu a hammatarta tun damina. Sujadar Kirsimati ta koma layin asibiti. A ƙarshe Malam ya yi addu'a gajeriya, bai roƙi a rufa wa kowa asiri ba. Ya ce wa Ubangiji ga mu nan yadda muke, ya riƙe mu.

Washegari mu biyar muka tsaya a bakin hanya. Na shirya wa kallo da tsegumi, na ɗaure fuska tun daga gida. Mai tsire ya ɗago ya ce, "Allah shi sawwaƙe," ya ci gaba da fifita wutarsa.

Likitar ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta daɗe tana sauraron ƙirjina, sannan ta ce zuciyar ta ƙara buɗewa a 'yan makonnin nan, kuma abin da ya buɗe ba ya komawa. Zan rayu in na kiyaye. Amma ba sauran haihuwa, ba ɗaukar tulu, ba daka, ba goyo. Yarinyata tana wata takwas a lokacin.

Ban sake goya ta ba. A bayan Inna ta yi wayo, da bayan matan majami'a, da na duk wadda ta shigo ɗibar wuta. Na yi kukan wannan fiye da kukan ciwon, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Tun daga nan, kowace safiya in na ɗauki ƙwayata nakan ce, Ubangiji, ga ni, ban warke ba, na gode. Ban taɓa jin ya kusace ni kamar a wannan 'yar addu'ar ba.

Da yarinyar ta fara tafiya, takan lallaɓo ta bayana ina zaune, ta kwanta a gadon bayana, ta rungumo wuyana, ta ce in tashi. Sai in ce mata doki ya gaji, mu yi sukuwarmu a zaune. In yi ta jijjiga ta ina kukan doki har ta yi dariya. In ta gama dariyar sai ta sake cewa, "To yanzu tashi."