Kushin Ɗin Jinaidu Baduku

Ni bakaniken mashin ne. Rumfata tana bakin titi a Gidan Igwai, kuma tun gashina yana baƙi nake wannan aiki. Don haka in na ce maka a Sakkwato sai an dubi mashin ɗin mutum kafin a san irin gaisuwar da za a yi masa, kada ka yi mini musu. Wanda ya hau sabuwar roba-roba, ƙaramin mashin ɗin nan mai jikin roba, ma'aikaci ne ko ɗan gata, ko da ranar ba a hura wuta a gidansu ba. Mai tsohon Jincheng malamin firamare ne, an gama magana. Masu Vespa kuwa, tsofaffin alhazan kasuwa, ba sa ma lissafa sauran jama'a cikin masu mashin. Can ƙarshen layi sai Boxer. Duk wanda ya hau shi, ko limamin unguwa ne, sunansa ɗan kabu-kabu, mai ɗaukar fasinja. Shirme ne wallahi, don ni da nake buɗe cikinsu na san duk baƙin mai ɗaya suke sha. Amma wa zai saurari bakanike?

Jinaidu baduku ne, aikin fata ya gada kaka da kakanni. Gidansa yana Dundaye, shagonsa yana cikin gari, inda yake ɗinka jakunkuna da takalma da kuben wuƙa. Boxer yake hawa, kuma da dalili ya saye shi: hanyar gidansa rairayi ce, ga ɗaurin fata da yake ɗaukowa daga wurin majema. Roba-roba ba za ta yi masa wannan wahala ba. To amma tun ranar da ya hau, bai ƙara wucewa ta wata mararraba ba tare da wani ya ɗaga masa hannu ya ce “Kabu-kabu!” ba. Abin yana ƙona masa rai ƙwarai. Mutum ne mai haƙuri, za ka iya taka shi ya ce maka sannu, amma wannan kalma ɗaya tana sa jijiyar wuyansa ta miƙe. Na taɓa ganin ya kashe mashin a tsakiyar rana don kawai ya yi wa wani ɗalibi bayanin cewa shi mai sana'a ne, ɗan mai sana'a.

Kada ka ɗauka shi ma ya kuɓuta daga ciwon da ke damun garin. Akwai bishiyar dogon yaro kusa da rumfata inda 'yan kabu-kabu ke fakewa. Jinaidu ya gwammace ya aje mashin ɗinsa cikin rana, ƙarfe ya yi zafi kamar tanda, da a gan shi a layinsu. Na sha gaya masa cewa mutanen nan iyali suke ciyarwa kamar shi. Sai ya ce ai bai ce komai ba. Bai ce ɗin ba, amma inuwar dai ba ya shiga.

Don ya raba kansa da su, sai ya yi wa kushin ɗin mashin ɗinsa riga da jar fatar akuya, irin wadda garin nan ya yi suna da ita. Ya zauna ya yi mata ado da kore da baƙi a gefe, ɗinki ƙanana a jere kamar haƙoran yaro. Ban taɓa ganin kushin mai kyau irinsa ba. Kullum da safe sai ya goge shi kafin ya goge takalminsa. Bai hana a kira shi kabu-kabu ba, sai dai ya ba shi abin nunawa in zai yi faɗa.

Yana da ɗiya, Sadiyatu, malamar makaranta, wadda yake ji da ita fiye da yadda yake yarda a gane. Ita da wani yaro mai suna Gazali suka daidaita kansu. Uban Gazali shi ne Alhaji Ƙasimu mai yadi, wanda duk garin nan an san shi da farar Vespa, kuma ni nake duba masa ita. Shi da Jinaidu ba su taɓa zama wuri ɗaya ba. Jinaidu ya san shi daga nesa kamar kowa, shi kuwa Alhaji suna kawai ya ji. Magana ta kai lokacin bincike, wato dangin yaro su bi unguwar yarinya a asirce su ji asalinta da halin gidansu. Jinaidu ya gaya mini cewa ba ya barci sosai, don Sadiyatu ta sa yaron nan a rai, kuma in abin ya watse bai san yadda zai dubi idonta ba.

Wata Laraba da hantsi Jinaidu yana zaune a kan mashin ɗinsa a gaban rumfata, na gama ɗaure masa sarƙa, sai ga Alhaji Ƙasimu. Ya ce in canza wa Vespa baƙin mai, zai je wata unguwa da ba ya son a gan shi da ita, don kowa ya ga Vespa ya san wa ya zo. Bai jira amsata ba. Ya juya, ya ga mutum a kan Boxer, ya tafa hannu.

“Kai, kabu-kabu! Dundaye za mu.”

Kafin ka ce me, ya tattare babbar rigarsa ya haye baya. Na buɗe baki zan ce Alhaji ai wannan shi ne, sai Jinaidu ya dube ni. Kallo ɗaya ya yi mini, na haɗiye maganata. Jijiyar wuyan nan ta miƙe, na gan ta da idona. Ya tada mashin suka tafi, ni kuma na tsaya da sifana a hannu kamar wanda aka dasa.

Abin da ya faru a hanya daga bakin Jinaidu na ji shi. Alhaji bai dubi fuskarsa ba ko sau ɗaya, don fasinja ƙeya kawai yake gani. Tun kafin su bar gari ya fara surutu, irin wanda ake yi wa mutumin da ba a ɗauka a bakin komai ba. Ya ce bincike za shi, ɗansa ya ɗauko ɗiyar wani Jinaidu, kuma an tsegunta masa cewa uban irin wannan mashin yake hawa. Ya ce shi ba ya raina kowa, amma gidan da uba ke yawon ɗaukar fasinja ba gidan da zai kai goro ba ne. Ya ce masu irin wannan mashin duk halinsu ɗaya, ba ladabi, ba wanka, sai ganganci a titi. Duk wannan yana faɗa ne da hannunsa a kafaɗar Jinaidu.

Can ya tambaye shi ko ya san mutumin. Jinaidu ya ce ya san shi, mashin ɗinsu iri ɗaya ne, sana'arsa dukanci, sauran kuwa maƙwabta za su fi shi sani. Alhaji ya shafa kushin ɗin da yake zaune a kai, ya ce ikon Allah, ɗan kabu-kabu da irin wannan fata? Wa ya yi maka? Jinaidu ya ce ai Jinaidun ne. Ka ga ko ƙarya ɗaya bai yi ba.

Ya sauke shi a bakin masallacin unguwar, nesa da ƙofar gidansa. Alhaji ya miƙo kuɗin mashin yana kallon wani wuri. Jinaidu ya ce mini nan ne ya fi shan wuya, don in ya ƙi karɓa, dole Alhaji ya ɗago ya dube shi ya tambayi dalili. Sai ya miƙa hannu ya karɓa, shi da ya yi shekaru yana faɗa da duniya a kan cewa bai taɓa ɗaukar fasinja ba.

Da la'asar ya dawo rumfata, ya fito da wuƙarsa ta aiki, ya fara farke ɗinkin kushin ɗin. Raina ya ɓaci. Na ce masa wannan wane irin wauta ne? Mutum ya hau bayanka ya zage ka, kai kuma ka zo kana lalata abin da ka fi so? Na ce ya bari Alhaji ya zo gaisuwar surukai ya ga mashin ɗin a ƙofar gida, ya ji kunyar da ta dace da shi. Jinaidu bai ɗago ba, yana ta bin zaren ɗaya bayan ɗaya don kada fatar ta yage.

“In ya gane ni, Habibu, ba ya ƙara iya haɗa ido da ni,” in ji shi. “Mutumin da ba ya iya duban uba, da wane ido zai dubi ɗiyar in ta zo gaishe shi da safe? Ko ya fasa auren don kunya, ko ya riƙe ta da ita. Ni ba gidan zan zauna ba, Sadiyatu za ta zauna.”

Na ɗauko baƙar roba irin ta kowa na ja masa a kan kushin ɗin. Da na gama, in ka jera mashin ɗinsa da na 'yan kabu-kabu, shi kansa sai ya duba lamba.

Maƙwabta sun faɗi alheri, aka ɗaura aure bayan damina. Ranar da surukan biyu suka fara gaisawa ina wurin. Alhaji ya riƙe hannun Jinaidu da hannu biyu yana ta Malam, Malam, Jinaidu kuwa ya sunkuyar da kai yana amsawa ƙasa-ƙasa, aka ce kai, mutumin nan akwai kunya.

Bayan wani lokaci Alhaji ya kawo Vespa, ya ja ni gefe. Ya ce ya taɓa hawa bayan wani ɗan kabu-kabu a nan rumfar, mai kushin jar fata, an ce aikin surukinsa ne, shi ma yana son irinta a Vespa. Nauyin baki ya hana shi roƙa da kansa, ko zan yi masa magana? Na kai saƙo ina cije haƙora. Jinaidu ya yi murmushi, ya shiga cikin shago ya ɗauko fatar nan a naɗe. Ya yanke ta daidai kujerar Vespa, ya sake mata ɗinki, ya ƙi karɓar komai.

Yanzu haka Alhaji Ƙasimu a kanta yake zama. Duk inda ya tsaya sai ya nuna wa mutane, yana cewa surukinsa ne ya yi masa musamman, ya taɓa ganin irinta a mashin ɗin wani ɗan kabu-kabu amma ko kusa ba ta kai wannan ba. In ya faɗi haka a gabana sai in sunkuya in nemi wani noti da bai ɓace ba, don bakina ba shi da kyau. Sadiyatu tana gidanta lafiya, ta haihu, kuma an ce Alhaji ba ya cin tuwo sai nata. Ita ma ba ta san komai ba.

Jinaidu bai sake yi wa kushin ɗinsa riga ba. Shekaranjiya ya zo gyaran birki, rana tana dukan ƙasa. Ina kallo ya tura mashin ɗinsa ƙarƙashin dogon yaro, 'yan kabu-kabu suka matsa masa, ya aje a layinsu ya zauna. Wata tsohuwa da buhun gero ta zo ta tsaya a kansa ta ce, “Kabu-kabu, Dundaye?” Ya dube ta, ya dube ni.

“Hau, Inna,” ya ce. “Can ni ma za ni.”