Gajere da Tocilar Fadimata

Gajere mai gyaran tocila ya fi kowa tsawo a layin masu caji na kasuwar Belbeji. Sunansa na yanka Safiyanu. Tun yana rarrafe aka laƙaba masa Gajere, kafin Allah ya nuna wa mutanen yankinsu na Tarka cewa ba su san gaibu ba.

A gidan manoman gero aka haife shi. Noma bai karɓe shi ba, ko kuma shi ne bai karɓi noma ba, ya danganta da wanda ka tambaya. Yana saurayi ya tafi Agadas, ya shekara uku yana riƙe wa wani mai gyaran wuta tsani. Ya dawo da akwatin ƙarfe, da ma'aunin wuta mai allura, da kalmomin Faransanci kamar goma sha biyu da yake juya su yadda ake juya masa a tanda. Ya kafa tebur a gindin bedi, ya fara da rediyo. Da waya ta kashe kasuwar rediyo sai ya koma tocila. Kuma a faɗi gaskiya, ya iya aiki. Aibinsa ɗaya ne: shekara talatin a kasuwa, ba a taɓa jin ya ce "ban sani ba".

Wata ranar kasuwa Fadimata ta zo masa. Dattijuwa ce daga rugar makiyaya ta wajen Tenhya, tana kawo cuku kasuwa a kan jaki. Ɗanta ne ya aiko mata da tocila mai caji, ita take haskawa in za ta yi tatsa, ita take duba kunama a shimfiɗa. Tocilar tana da 'yar ƙwayar wuta a gefe: kore in caji ya cika, ja in ya kusa ƙarewa. Kwana goma ke nan jar wutar nan tana ƙyaftawa ba hutu. Fadimata mace ce mai jin gargaɗi, sai ta daina kunnawa don kada ta mutu mata, ta koma laluben hantsar akuya a duhu da tocila a ƙugu.

"Ɗana, duba mini abin nan. Jiya aka cika ta, yau tana kukan yunwa."

Gajere ya kunna, ya kashe, ya girgiza ta a kunne kamar mai sayen kankana.

"Inna, batir ne ya mutu. Fini."

"Amma tana haske tar."

"Haka mutuwa take, Inna. Wani yana cin tuwo ake zuwa ɗaukarsa."

Ya sa mata sabon batir, ta tafi. Kasuwar da ta zagayo ta dawo, jar wuta na ƙyaftawa kamar ba a taɓa ta ba. Gajere ya ciro ma'auninsa, ya dangwala wa batir wayoyi biyu. Allura ta tashi ta nuna batir cike yake taf. Wani zai tsaya ya yi tunani. Gajere ya waiwaya ya hango Ilyasu mai caji, wanda rumfarsa take kallon tebur ɗin Gajere, yana goge farantan solarsa.

"A wajen wa kike caji?"

"Wajen wancan bawan Allah."

"To, ga shi nan. Wutarsa ruwa-ruwa ce, kamar nonon da aka tsinka. Tana cika ciki, ba ta riƙe shi."

Bai faɗa a hankali ba. Gajere bai san a hankali ba. Ilyasu ya ajiye tsumma ya tsallako.

"Malam Gajere, rana ɗaya ce a sama. Ko kana da taka daban da ka zo da ita daga Agadas?"

Aka taru. Masu sayen goro suka bar goro, wani mai raƙumi ya tsaya da akala a hannu yana ba da fatawa cewa iskoki ba sa son farar wuta. Kafin la'asar mutum huɗu sun kwashe wayoyinsu daga rumfar Ilyasu, don ba wanda yake son tsinkakkiyar wuta. Fadimata ta gaji, ta aje tocilar a kan tebur.

"Riƙe ta. Mako mai zuwa in same ta da lafiya, ko ka ce mini ta fi ƙarfinka."

Wannan kalma ta ƙarshe ita ta hana Gajere cin abinci da daɗi. Ya tafi da tocilar gida, ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya kwance ta gunduwa-gunduwa. Kwana biyu yana sauya waya, yana narka dalma, yana zagin mutanen da suka ƙera ta da kakanninsu. Duk lokacin da ya haɗa, jar wuta ta gaishe shi.

Rana ta uku da hantsi ya fita kama ruwa. Matarsa Umma tana wanke tukwane da toka a kusa da tabarmar. Umma ba ta san wuta ba, abin da ta sani shi ne ba ta iya ganin datti ta wuce. Ta ɗauki murfin gindin tocilar, ta ga ɗan murɗaɗɗen ƙarfen da ke danne batir ya yi tsatsa kore shar, ga wani maiƙo da ƙura sun daskare a kai. Ta dangwali toka ta dirje shi har ya yi ƙyalli, ta goge da bakin zane. Da ta ga ya lotse, ta ɗan ja shi ya miƙe.

Gajere ya dawo ya yi salati.

"Umma! Kin san abin da kika taɓa kuwa? Wannan ba ludayi ba ne!"

"Malam, da ludayi ne, da ban bari ya yi tsatsa haka ba."

Ya haɗa tocilar yana huci, don ya nuna mata ɓarnar da ta yi. Ya danna. Koriyar wuta ta kama, ta zauna daram. Ya kashe ya kunna sau bakwai, ko ja zai tausaya masa ya dawo. Bai dawo ba. Ashe tsatsar ce take tare wuta, tocila ta ji kaɗan na isowa ta ɗauka batir ne ya ƙare.

Ya ajiye tocilar a kan tabarma. Can ya ce, "Wai tsatsar tana da yawa?"

"Makaho ma zai..." Umma ta katse maganar, ta dube shi sosai. "Malam, ba ka gan ta ba?"

Bai gan ta ba. Shekara biyu ke nan ƙananan abubuwa suna yi masa hazo-hazo, yana aiki da yatsa da tsohon sani, bai gaya wa kowa ba.

Ranar kasuwa ya miƙa wa Fadimata tocilarta, ya fara bayani da Faransanci. Ta bar shi ya gama tsaf, sannan ta ciro cuku uku daga jakar fata.

"Kai wa mai ɗakinka. A rijiya na ji labari."

Ya karɓa. Sannan ya tsallaka rumfar Ilyasu, ya tsaya yana gyaran murya, ya sanar da jama'a cewa ya sake auna wutar Ilyasu, kuma ta gyaru ƙwarai. Ilyasu ya ce ya gode, Allah ya ƙara wa rana lafiya.

Bayan girbi Umma ta tasa shi gaba zuwa Damagaram, aka auna idonsa, aka ba shi tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Yana nan a gindin bedi har yau, aikinsa ya dawo yadda yake da. Sai dai tun da ya sa tabarau ba a huta da shi ba. Ya gano tebur ɗinsa duk kashin tsuntsu ne, mai shayin da yake sha wajensa shekara ashirin ba ya wanke kofi, kuma abokansa duka sun tsufa ba su gaya masa ba.