Wa Ke Zama a Baya?

Kafin masu shagunan layin su ɗaga ƙofofinsu, shi ya riga ya share garejinsa. Yakan shimfiɗa tsumma a kan teburin ƙarfe, ya jera wayoyi kala-kala, ya kunna tsohuwar kwamfutarsa wadda aka ɗaure murfinta da salatif. Sannan ya tayar da motar da ta kwana a wurin, ya dafa ta, ya rufe ido. A lokacin nan ko gaisuwa ba ya amsawa, saurare yake yi. Shi ya sa ba mai kiransa da sunan yanka, sai Mai Kunne.

Ga wanda bai sani ba, motocin yanzu suna da wani ɗan akwati da ake kira ƙwaƙwalwa. Ita ke yanke yawan man da injin zai sha, da lokacin da fulogi zai ba da wuta. In ta kamfani ta ƙone ana sa wata ta kasuwa, amma takan zo ne kamar jaririya, ba ta san komai ba, sai an zauna an koya mata. Wannan koyarwar ita ce sana'ar Mai Kunne. Da gyaran kafiretar tsofaffin motoci ya fara, sai da furfura ta fito masa ya koyi kwamfuta, don in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Masu wannan aiki suna da yawa, kuma yawancinsu ƙarfi suke sayarwa. Ka kawo mota, su buɗe mata wuta, ka fita kana ruri kamar zaki. Shi kuwa kafin ya taɓa waya ɗaya sai ya yi tambayar da ta zame masa jiki: "Wa ke zama a baya?"

Mai walda, maƙwabcinsa, ya shaida mini cewa wani mai ji da kansa ya taɓa kawo mota yana so a ninka mata gudu. Mai Kunne ya leƙa, ya ga takalmin yarinya a ƙarƙashin kujera, ya taka birki ya ji shi kamar soso.

"Ranka ya daɗe, a fara gyara birki."

"Ni gudu na zo saya, ba wa'azi ba."

"To, abin da zai tsayar da ita shi zai fara shiga. In kana sauri, ga hanya nan."

Mutumin ya tafi yana zage-zage. Bayan kwanaki ya dawo da sabon birki, ya kasa haɗa ido da kowa.

Wancan ji na yi. Ga wanda na gani, kuma gani ya kori ji.

An yi wa mai ɗakina aiki a ƙashin baya. Likita ya ce dole a riƙa kai ta asibiti ana gasa mata ƙafafu ana motsa su, in ba haka ba ta zauna ke nan. Ya kuma ce a kiyaye ta da girgiza. A daidai lokacin ƙwaƙwalwar tsohuwar motata ta ƙone, irinta kuma ta ɓace a kasuwa. Wani ya sa mini sabuwa. Mota ta tashi, amma in na taka totur sai ta zabura, in na ɗaga ƙafa sai ta dunƙule. Tafiyar farko, matar da muka tsufa tare ban taɓa jin ihunta ba, ranar na ji. Da muka dawo ta ce, "Malam, ka bar ni a gadona. Gara zama da wannan azaba." Ta ƙi sake shiga. Ina kallo ƙafafunta suna ƙara sirancewa.

Na kai wa Mai Kunne motar, na fara yi masa bayanin injin. Ya bar ni na gama.

"Baba, wa ke zama a baya?"

Na faɗa masa. Ya shiga ciki ya fito da kofi cike da ruwa. Masu irin aikinsa gaba suke zama kusa da direba. Shi baya ya shiga, daidai wurin da take kwanciya, ya shimfiɗa wani katako a kan kujera, ya ɗora kofin a kai, kwamfuta a cinyarsa.

"Ja mu je, hanyar asibitin. Kada ka lallaɓa don ina nan. Yi tuƙinka na kullum."

Ban kai bakin titi ba ruwan ya wanke masa wando.

"Baba, babbar mota ka tuƙa da?"

"Har na tsufa a cikinta."

"Ai ƙafarka ta faɗa. Kana taka totur kamar ka ga kunama."

"Ƙafar da ta ciyar da gida ce, ka yi mata ladabi."

"Ba zan iya gyara ta ba, ta riga ta bushe. Motar zan koya wa haƙuri da ita."

Haka muka yi ta zuwa muna dawowa. Ya rage mai a nan, ya jinkirta wuta a can, ya cika kofi, mu sake. Wani lokaci ya ce in tsaya, ya fita ya kara kunne a jikin injin, don kada a garin neman laushi a cuce shi. Na gaji, na ce ai ya isa haka. Bai ɗago kai ba ya ce, "Bayanka aka yi wa aiki, Baba?" Na sake kama sitiyari. Sannu ba ta hana zuwa. Ranar da muka je ƙofar asibiti muka dawo katakon nan a bushe, shi da kansa ya bi ni gida, ya durƙusa a bakin ɗaki.

"Mama, a gwada sau ɗaya. In ta motsa ki, ni za ki zaga, ba Baba ba."

"Shi ma ba zai tsira ba," in ji ta. Amma ta yarda aka ɗauke ta. Kafin mu isa, barci ya kwashe ta.

Yanzu Mai Kunne zai ajiye aiki. Ba wanda ya kore shi, hannunsa ma bai fara rawa ba. Cewa ya yi akwai wata 'yar ƙwanƙwasa da injin ke yi kafin ya lalace, kuma kunnensa ya fara rasa ta. Ba zai karɓi amanar da ba zai iya ji ba. Ƙanensa zai riƙe garejin.

Mai Kunne, kai ne ka san cewa mota ba ta mai sitiyari kaɗai ba ce. Kai ne ka san lokacin sauka tun ba a ce ka sauka ba, abin da ya gagari manya da yawa. Ni ba mai yabo ba ne, 'ya'yana shaida ne, amma yabon gwani ya zama dole. Allah ya saka maka, ya sa ka gama lafiya.

Jiya na kai mai ɗakina ta yi maka sallama. Ka gan ta da idonka: ta buɗe ƙofar baya da kanta, ta dogara sanda, ta tako har gaban teburinka.

Ku masu sana'a, ko wace iri ce, kowane aiki yana da wanda ke zaune a baya, bai zo ciniki ba, ba a jin muryarsa. Kafin ku ɗauki sifana, ku tambaya ko wane ne.